Basaraken Benenmu

Duk lokacin da ƙanshin kofi mai ɗaci ya daki hancina, sai in tuna tsohon da ke zaune ƙasa da mu a benenmu na Rillieux, kusa da Lyon a Faransa. Ɗan Italiya ne, ya ƙarar da ƙarfinsa a masana'anta, ba mata ba ɗa. A bangon ɗakinsa akwai wani tsohon katako da aka sassaƙa hasumiya da kyarkeci a kai. Ya ce tambarin gidansu ne. Kakanninsa sun mulki wani birni mai ganuwa shekaru aru-aru, har ranar da ƙani ya yi fushi da wansa, ya buɗe wa abokan gaba ƙofa.

Maƙwabta dariya suke yi masa. Kakata kuwa, wadda ta zo daga Damagaram, ranar da na fassara mata labarin sai ta gyara lulluɓi. Tun daga nan, ko a matakala suka haɗu, sai ta tuɓe takalmi ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ina gajiya?"

Ni kunya kamar in nutse, shi kuwa sai ya cire hula ya dafa ƙirji. Ba mai jin yaren wani. In sanyi ya shigo takan aike ni in kai masa kunu, shi kuma ya zaunar da ni yana jero mini kakanninsa: wane ya haifi wane, wane ya gina hasumiyar. Ni ce kaɗai mai saurarensa, ga ni yarinya, sunayen sun yi wa harshena nauyi.

Da ya rasu ba wanda ya zo. Ma'aikata suka kwashe kayansa, muna kallo ta taga aka wurga katakon cikin motar shara. Kakata ta sauka ba takalmi tana yi musu Hausa, suka ɗaga kafaɗa kawai. Sai ta juyo gare ni.

"'Yar nan, ba a raka basarake shiru. Faɗo mini ubanninsa in yi masa kirari."

Na buɗe baki, sunaye biyu kaɗai suka fito, su ma a karkace. Da su ta yi, a tsaye bakin titi, har motar ta sha kwana. Ban taɓa jin rashin amfanina kamar ranar ba.

Yanzu ina Paris. An rushe benen, kakata ma ta rasu. Jiya 'yata ta ce ai komai yana cikin waya, in faɗi sunan birnin kawai ta nemo mini tarihin gidan. Na daɗe ina kallon wayar a hannunta. Ko sunan birnin ban riƙe ba.