Jirgi Mai Farfela Biyu da Saƙon Gwaggo

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da maman yara da mahaifinta, wanda ya zo mana ziyara daga Damagaram. Titin Gate City Boulevard na nan Greensboro a wannan lokacin sai ka rantse ba shi ne titin da muke cinkoso a kai da yamma ba. Shagunan kayan miya duk a rufe, motocin sayarwa jere da raɓa a gilashinsu. Na tsaya na sha isansi, wato man mota, muka miƙi hanyar kudu zuwa wani ƙaramin filin jirgi da ake bikin nuna tsofaffin jiragen soja.

Ku da kuke bibiyata kun san ciwona. Ɗaukar hoton tsofaffin jirage ne. Maman yara takan ce na fi sanin shekarun jirage a kan na 'ya'yana, kuma ban taɓa musa mata ba. Amma wannan tafiyar ba don ni aka yi ta ba. Wata rana ina duba sanarwar bikin a kwamfuta, Baba, surukin nawa, ya zo wucewa, sai ya tsaya cak. Ya ɗora yatsa a kan wani jirgin kaya mai farfela biyu, mai hanci a sama da wutsiya a ƙasa, ya ce irinsa ne. Yana ƙaramin yaro, zamanin Faransawa, irin wannan jirgin ya ɗauki babban wansu tare da wasu samari da aka ɗiba aikin soja. Shi da yayarsa, wadda muke kira Gwaggo, suna riƙe da hannun juna a bakin fili suka ga tashinsa. Wan bai dawo ba, sai labarin rasuwarsa daga wata ƙasa mai nisa, kuma ko hotonsa ba su da shi. Gwaggo tana raye, idonta ya fara rauni, har yau takan yi zancen jirgin. Baba ya ce in ɗauko mata hotonsa ya tafi mata da shi. Mako mai zuwa zai koma gida, bikin shi ne na ƙarshe a bana, kuma sau ɗaya jirgin zai tashi. Na ce in sha Allah, da ƙarfin gwiwar wanda ya san aikinsa.

Wanda bai taɓa tuƙa surukinsa a kujerar gaba ba bai san tuƙi ba. Ba rediyo, ba waƙa, ko tari sai na nemi izini a zuciyata. Maman yara tana baya tana cin kilishi, tana miƙo mini da gangan, alhali ta san ko yunwa za ta kashe ni ba zan tauna a gaban mahaifinta ba. Hanyar kuwa sumul, itatuwa sun yi ja da rawaya saboda kaka ta shigo. Da muka fara ratsa gonakin auduga Baba ya gyara zama. Ya yi ta mamakin gona mai wannan faɗin ba mutum ko ɗaya a cikinta, ya tambaya ina manoman suke. Na ce inji ne ke tsinka. Ya ce to Allah ya kyauta, su kuma 'yan mata a ina za su yi hira.

Mun isa da hantsi. A bakin ƙofa mai gadi ya buɗe kwanon dambunmu, ya sunsuna, ya dube mu, ya rufe da ladabi. Gara da muka zo da abinmu, domin a ciki robar ruwa dala biyar ce, kuma kusan duk naman da ke ƙamshi a wurin ba namu ba ne. Maman yara ta sayo wani soyayyen abin fulawa da aka barbaɗa wa sukari, kamar alkaki da bai samu mai iya naɗi ba, amma akwai daɗi. Mutanen wurin yawanci dattijai ne, kowa da kujerarsa ta ninkewa da hular rana, wasu da kyamarori masu dogon gilashi kamar taɓarya. Baba kuwa ya sha farar babbar riga da hula. Wata tsohuwar Baturiya ta zo ta tambayi maman yara ko shi ma yana cikin abin da za a nuna. Da aka fassara masa ya yi dariya har ya cire tabarau.

Mun sami jirgin a ajiye, an kewaye shi da igiya, kore ne, fentinsa sabo. Baba ya tsaya a gabansa ya ƙura masa ido. Na ɗauki wasu hotuna, amma jama'a sun cika ko'ina, ga mai sayar da askirim ya kafa lemarsa daidai ƙarƙashin fiffike. Na ce a raina wannan ba na Gwaggo ba ne. Nata sai jirgi yana sama.

Hoton jirgi mai farfela yana da wuyar sha'ani. In ka bar kyamara ta ƙifta da sauri, farfelar za ta fito a tsaye cik, kamar jirgin ya mutu a sama. Sai ka rage saurinta, ka kafa ƙafafu, ka bi jirgin da dukkan jikinka ba tare da hannu ya yi rawa ba. Na sami wuri mai kyau a jikin shinge, rana a bayana, na gwada hannuna a kan ƙananan jiragen yaƙi da suka fara tashi. Ƙararsu har cikin haƙori. Hannuna ya zauna, raina fari ƙal.

Bayan azahar aka tada injin namu. Hayaƙi ya tashi, farfela ta fara juyi, wasu samari sanye da kakin soja irin na zamanin baya suka hau da jakunkunansu. Jirgin ya kama titi, na ɗaga kyamara. Sai na ji muryar Baba a bayana.

"Malam, zo ku gaisa da mutumin gida."

Jama'a, ku faɗa mini, wane ɗan halak ne zai ce wa surukinsa dakata? Na sauke kyamara na juya. Wani Alhaji ne dattijo, ɗan Damagaram, yana zaune wurin ɗansa a wani gari kusa. Hular Baba ya hango ya biyo. Na durƙusa na ba shi hannu biyu. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya baƙunta, ya muka ji da sanyin ƙasar nan. A bayana ina jin jirgi yana barin ƙasa. Ya tambayi gidan su wa na fito, na faɗa. Ashe ya san mahaifina, kuma bai ji rasuwarsa ba sai yanzu. Ya yi salati, ya ɗaga hannu. Muka ɗaga duka. Muna cikin addu'ar nan jirgin ya zo wucewa ƙasa-ƙasa, daidai kanmu, inuwarsa ta bi ta tafin hannuwana. Na ji kyamarorin mutane suna ta ƙas-ƙas. Addu'a ake yi wa ubana, ina cewa amin, kuma wallahi na ji daɗinta, amma kunnena yana kan jirgin. Alhaji bai gajarta ba, har kakannina ya haɗa.

Kafin mu shafa, jirgi ya gama zagayensa. Na koma shinge da gudu, wani ya riga ya tare wurina. Daga inda na raɓa sai na samu tayoyinsa suna taɓa ƙasa, sannan ya gangaro ya tsaya, aka buɗe ƙofa, samarin nan suka fara saukowa. Na yi ta dannawa don haushi kawai.

Muka kama hanyar dawowa. Mun tsaya la'asar a wurin hutawar matafiya, Baba ya ce in nuna masa. Na ba shi haƙuri, na ce laifina ne, tashin ya wuce ni, na sama ma ban samu ba. Ya karɓi kyamarar, maman yara tana matsa masa hotunan ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan wani ya riƙe hannunta. Ƙofa a buɗe, wani siririn saurayi da jaka a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya a matakala, ɗaya ta kusa taka ƙasa. Baba ya goge tabarau ya sake dubawa.

"Wannan za a kai mata," ya ce. "Tashinsa ai mun gani da idonmu, ni da ita. Saukar ce ba mu taɓa gani ba."

Maman yara ta kau da kai. Ni ma sai na sami abin dubawa a tayar mota.

Mun shigo Greensboro da magariba, Gate City ya koma halinsa na cinkoso. Washegari na kai aka wanke hoton babba, yadda idon Gwaggo zai iya gani. Abin da tafiyar ta koya mini kaɗan ne: an ba ni saƙo, ban tambayi me mai saƙon yake so ba, na yanke masa da abin da ni nake so. Shekara da shekaru ina bin jirage a sama, ban taɓa tsayawa kallon wanda ke fitowa daga ƙofa ba. Baba bai yarda a saka hoton a akwati ba. Ya naɗe shi a cikin babbar rigarsa, ya ce a hannu zai riƙe shi har Damagaram.