Gurbin da Yaya Sale Yake Mayarwa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, wanda ya rubuta manhajar da sitonmu na doya da masara ke aiki da ita tsakanin Djougou da Parakou. Ni ɗan kasuwa ne, ban iya rubutun kwamfuta ba, amma abu ɗaya ya nanata mini har na haddace.

A cikin manhajar akwai gurbi guda mai riƙe da sunan garin da kaya za su je, kuma kowane sashe yana iya canza shi. Sashen lodi yakan kira na duba sito, shi kuma ya kira na neman mota, kowa ya rubuta garin da yake dubawa. Sale ba ya barin wani sashe ya kira wani sai ya kwafe sunan ya ajiye gefe, in an dawo ya mayar. Nakan yi masa tsiya cewa ɓata lokaci ne. Sai ya ce, "Ƙanena, kakanninmu fatake in sun tashi daga zango, murhu suke bari yadda suka same shi. C'est tout, shi ke nan."

Bara na ɗauko wani gwani daga Cotonou ya sabunta mana ita. Ya ga layukan ajiyewa da mayarwa, ya ce maimaici ne, ya share. Na san amfaninsu, amma na ji kunyar musu da mai ilimi, na ƙyale shi.

Cikin wata guda, sau uku takardar direba ta fito da Pélébina, garin da sashen neman mota ya duba, alhali Hajiya Rabi tana jiran doyarta a kasuwar Arzèkè ta Parakou. Tun zamanin mahaifinmu take saye a wurinmu. A karo na uku ko faɗa ba ta yi ba, ta dai koma wani sito, wasu suka bi ta. Gwanin ya daina ɗaga waya. Da na sani ƙeya ce.

Da Sale yana raye ba zai zage ni ba, tsohuwar kwamfutarsa mai ɗauke da ainihin manhajar zai tambaya. Na riga na ba masu gwangwan ita, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Yanzu kafin in danna lodi, sai in rubuta sunan garin da biro in sa a aljihu, in takarda ta fito in gwada. Abin da ya rage na Sale ke nan. Sunan gari ina iya mayarwa. Hajiya Rabi kuwa ba ta dawo ba, balle shi Sale.