Inuwar Magaryar Ƙofar Gidanmu

A layinmu na unguwar Aƙiƙ a Madina bishiya ɗaya ce tak, magarya, kuma mahaifina ne ya dasa ta a ƙofar gidanmu. A gindinta nake ajiye akori-kurata, wadda na ɗora wa ɗan ɗaki a baya saboda fita daji shan iska, abin da mutanen Madina ke kira kashta. Ba don gata nake son inuwar ba. Sau uku a mako nake kai Inna wankin ƙoda bayan azahar, lokacin da ƙarfen mota ke iya soya ƙwai.

Ana nan maƙwabcina na jikin katanga ya sayi irin motata, sabuwa fil. Bahaushe ne kamar ni, ya girme ni, sahu ɗaya muke a masallaci. Wata rana na dawo na iske ya kafa taya cike da siminti a gindin magaryar, ya kama wuri. Na same shi da lalama na ce, "Yaya, ka san halin da Inna take ciki."

Ya ce, "Ya akhi, titi na hukuma ne. Fentin motata ba ya son rana. Khalas, magana ta ƙare."

Na haɗiye, don Inna ta hana ni rigima. Bayan mako biyu ta kama hannun ƙofar mota da ya yini a rana, tafinta ya yi bororo. Ta dai naɗe shi da gefen mayafi. Da sanyi ya shigo Allah ya yi mata rasuwa. Na san ba rana ce ta kashe ta ba, amma ban yafe wannan hannun ba.

Tun da an mayar da ni ɗan rana, na ce bari ranar ta yi mini aiki. Batirin ɗakin motar ya daɗe yana mutuwa, firji ya ɗumame kafin in isa daji. Na je shagunan titin Sultana na sayo ƙananan faifan sola biyu. Ni na huda rufin, na ɗaure su da kusoshi, na toshe ramukan da gam, na ja waya zuwa na'urar daidaita caji, daga nan zuwa batir. Mai shagon ya ja mini kunne cewa ko inuwar reshe ɗaya ta faɗa kan faifai, cajin ya tafi.

Maƙwabcina ba ya ganin abu a hannun wani ya bari. Bai yi wata ba ya sa aka ɗora masa nasa, manya, har huɗu. Ya kira ni in duba. Na hau na ga inuwar ganye ta lulluɓe su, ga kashin tsuntsaye fari fat.

Ya ce, "Komai daidai?"

Na ce, "Wayoyin daidai suke, Yaya."

Ban yi ƙarya ba. Na sauko ina jin wani daɗi marar kyau, kuma ban kore shi ba.

Ya gayyaci surukan ɗansa kashta a can gaba da Bi'ir Ali. Ranar Laraba ya yanka rago, ya shaƙe firjin motar da nama, ya kulle, ya bar ta a inuwarsa. Ranar Asabar da safe baƙi suna tsaye da fararen riguna ya buɗe. Warin ya iso har tagata. Ina riƙe da kofin gahawa, na shanye shi a hankali.

Da la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofata, fuska a murtuke. Mai shago ya riga ya gaya masa dalili.

"Ka sani?"

"Na sani. Faifanka ba ya son inuwa. Khalas."

Ya juya. Da hannunsa ya mirgina tayar simintin gefe, ya fitar da motarsa rana, kusa da tawa. Da ya shiga gida na mirgino tayar na mayar da ita gurbinta.

Yanzu motocinmu biyu suna gasuwa a jere, inuwa kuma ba mai shiga. Kujerar robar Inna na ajiye a wurin. Duk wanda ya tambaya, ina ce masa wurin yana da mai shi.