Gwangwanin Daddawar Inna

Shekarun baya, da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, aka ba ni bursu na ƙaro karatu a Maroko, duk garinmu Attantane babu wanda bai leƙo yi mini sallama ba. Wata ta kawo zane, wani ya kawo addu'a. Mahaifiyata kuwa sai ga ta da tsohon gwangwanin madara, ta cika shi dam da daddawar batso. Sana'arta ce. Tun ina goye take dafa gurguzu tana kai daddawa kasuwar Mayahi, kuma ta hannunta ba ta kwantai.

Ni a lokacin har na fara jin kaina Baturiya, alhali ko jirgin ban taɓa gani kusa ba. Na ce, "Inna, wannan fa zai sa mini kaya wari."

Ta ce, "Wari? Da shi anka raine ki har kinka yi kan da za a kai ki waje. Sa shi cikin walis, ke ɗiyar ga. Can wa ka ba ki?"

Na sa shi a akwatin, ina zumɓura baki.

Ban yi wata ba na gane gaskiyarta. Ga sanyi, ga Larabcin da bai yi kama da na makarantar allo ba, ga abinci mai kyau amma ka ci ka tashi kamar ba ka ci ba. Mu biyu ne a ɗaki, ni da wata 'yar ƙasar, yarinya mai kirki. Ranar da na fara kaɗa miyar kuka ta shigo ta toshe hanci, ta buɗe taga, ta tambaye ni tsakani da Allah ko ɓera ne ya mutu. Na taya ta dariya, amma daga ranar na cusa gwangwanin cikin zannuwana. Sai ta tafi gidansu hutun mako nake fito da shi, in gutsura kaɗan, in tuƙa tuwon garin alkama, in ci in lashe hannu ni kaɗai.

Shekara ba ta zagayo ba yayana ya kira ni. Yadda ya ja gaisuwa na san ba lafiya ba.

"Ki yi haƙuri, Inna lokaci ya yi. Yanzu munka dawo daga kai ta."

Zazzaɓi ne na kwana biyu. Kun san mu, ba a ajiye gawa don jiran na nesa. Ya ce kada in taso, jarrabawa ta matso, ko na zo ƙasa kawai zan tarar.

Abin da ya rage mini nata a duniya 'yan dunƙulen da ke gindin gwangwanin nan ne, da shatin yatsunta a jikinsu. Na daina dafawa. In abin ya taso mini sai in buɗe in shaƙa, in ji kamar na kifa fuska a zanenta. Na ƙudurta ranar sadakar arba'in, sa'ad da ake taruwa a gida, zan yi miya da su in kira ɗaliban Nijar mu ci mu yi mata addu'a. Zaman makokin da zan samu ke nan.

Abokiyar ɗakina ta yi kuka tare da ni, ta kuma gaya wa mahaifiyarta. Tsohuwar ta hau jirgin ƙasa daga garinsu da babban akushin kuskus, don a wajensu wanda aka yi wa rashi ba ya hura wuta. Ta iso da safe ina shirin fita jarrabawa. Ɗakin kuwa kaca-kaca, don tun rasuwar ko tsintsiya ban taɓa ba.

Da na dawo, ɗaki fes, sai ƙamshin sabulu. An wanke kayana an ninke. Ga gwangwanina a kan tebur yana ƙyalli, cike da dabino.

Tsohuwar ta kama hannuna tana magana, 'yarta tana fassara mini: "Ta ce ta tarar da wani abinci ya ruɓe miki a cikin kaya. Kada ki ji kunya, baƙin ciki yana sa mantuwa. Ta zubar, ta wanke miki gwangwanin sosai, babu sauran wari."

Na sauka a guje ba ko takalmi. Motar shara ta riga ta wuce.

Na hawo na tarar sun zuba abinci suna jirana. To me zan ce wa matar da ta yi wannan doguwar tafiya saboda marainiyar da ba ta taɓa gani ba? Na ce na gode. Na ci kuskus ɗin hawaye na zuba a ciki, tana shafa bayana tana cewa, "Yi kuka, 'yata, uwa ce." Har na bar ƙasar ban faɗa musu ba. Ranar arba'in dabinon na raba sadaka.

Yanzu ina aiki a Tasawa, da yarana. Babu mai daddawar da ban saya a wajenta ba daga nan har Mayahi, har ta ƙanwar Inna da suka koya a tukunya ɗaya, amma ban sake samun irin ta Inna ba. Ban taɓa riƙe tsohuwar nan ta Maroko a zuci ba, ina ma sa ta a addu'a. A ƙasar mutane, mai ƙaunarka da irin abin da ya sani zai ƙaunace ka, kuma ita ta yi iya nata. Sai dai ciwon bai tafi ba.

Gwangwanin yana nan, allura da zare nake ajiyewa a ciki. Na san an wanke shi, da idona na gani. Amma har yau in na buɗe, hanci nake fara kaiwa.