Muryar Hajiya Kulu Cikin Takaba

Har gobe ban manta da Juma'ar da na je gaisuwar mutuwa Illela na fito zaure gumi na tsattsafo mini ba, kuma ba zafin bazara ne ya jawo shi ba, ko da yake bazarar ta yi zafi.

A lokacin ina babban jami'in ilimantarwa a gidan tarihinmu na Sakkwato. Da yake ba mu da ofishin yaɗa labarai, ni aka ɗora wa hulɗa da 'yan jarida. Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. In za mu baje kolin kayan tarihi, mukan gayyato manema labarai tun kafin ranar buɗewa, mu zagaya da su, mu haɗa su da masu kayan su yi hira. Sharaɗinmu ɗaya ne: kada a saki komai sai ranar da aka buɗe, don labari ya fita mutane su taso su tarar da ƙofa a buɗe. Su kuma suna da nasu tsarin, kafin ranar sukan riƙa sa ɗan guntun hirar suna tallata shirin da ke tafe.

Ba zan ɓoye muku ba, ni da 'yan jarida ba ma shan inuwa ɗaya. Za ka ce musu ƙarfe goma, su zo bayan azahar suna tambayar ko an ajiye musu abinci. Ka yi musu bayanin tukunya mai shekaru aru-aru, gobe ka ji an ce ta kakar wani ce. Haka nake kallon su duka, har da Malama Saratu, wata matashiya daga wani gidan rediyo mai zaman kansa, wadda aka ba shirin al'adu na ranar Lahadi ta riƙe ita kaɗai a karon farko.

A waccan shekarar mun shirya baje koli a Illela kan fataucin da, wato yadda mutanen garin suke kora jakai da raƙuma su tsallaka Ƙonni, su wuce Tawa, wasu har Agadas. Mun zaɓi buɗewa ranar Lahadi don ita ce ranar kasuwa, garin kan cika da mutanen ƙauyuka da na tsallaken iyaka. Yawancin kayan aro ne daga gidajen tsofaffin fatake, kuma mafi kyawunsu daga gidan Alhaji Buhari suka fito: taiki da mangala na ɗora wa dabba kaya, da salkar ruwa, da wata tsohuwar gafaka ta ajiye littafi. Alhaji Buhari tsoho ne mai barkwanci, amma da muka kawo masa maganar hira sai ya noƙe.

"Ni na mance rabi," in ji shi. "Ku shiga ku tambayi Kulu. Ita ka tuna komi, har abin da ba a yi ba."

Hajiya Kulu matarsa ce tun suna yara. Saratu ta shiga cikin gida da na'urarta, ni kuwa na tsaya waje ina lura da yadda ake ɗora kaya a mota, don salkar nan ta bushe, in aka matse ta sai ta tsage. Da Saratu ta fito, bakinta ya ƙi rufuwa. Ta ce tsohuwa ta ba ta labari mai daɗi, ta yi dariya har da tafi, ta kuma rera mata waƙar dakan da take yi in tana shirya wa mijinta guzuri. Ta ce ba ta taɓa samun hira irin wannan ba. Muka yi sallama, ta koma ta haɗa shirinta, ni na shiga hidimar jera kaya.

Ana cikin makon buɗewa Allah ya yi wa Alhaji Buhari rasuwa, bayan 'yar gajeriyar rashin lafiya. Sadakar uku ta faɗo ranar Juma'a, na je bayan an sauko daga masallaci. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaure har bakin hanya. Na durƙusa na yi gaisuwa, aka yi addu'a, ina shirin tashi sai Malam Sidi, ƙanen mamacin, wanda ragamar gidan ta koma hannunsa, ya riƙe mini hannun riga ya ja ni gefe.

"Malam Lawali, mi nika ji ga rediyo?"

Na ce ban gane ba.

"Wai ran Lahadi matar yayana za ta yi waƙa duniya ta ji. Tun jiya aka ta sanya muryatta tana dariya. Ɗiyanmu na Ƙonni sun jiya, sunka kira ni suna tambaya ko Kulu ta taɓu. Ƙasar kabarinai ko bushewa ba ta yi ba!"

Nan take na gane. Tallar shirin ce ta fara fita, kamar yadda aka saba. Can gidan rediyon a Sakkwato babu wanda ya san an yi rasuwa, mu kuma da muka sani hankalinmu na kan kaya da kujeru. Na ce masa wallahi tun Alhaji na da rai aka ɗauki hirar, da izininsa ma.

"Kai ka sani, ni na sani," in ji shi. "Mai saida albasa cikin kasuwa, wa za ya gaya mai?"

Gaskiya ya faɗa. Hajiya Kulu ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba ado, ba fita, ba ɗaga murya. A garuruwanmu mace kan shekara hamsin tana tara mutunci, a zubar mata da shi a rana ɗaya in aka ce ba ta yi wa mijinta takaba yadda ya kamata ba. Kuma ba ita kaɗai abin zai bi ba, har 'ya'yanta mata a gidajen aurensu sai an yi musu gori da shi. Guntun tallar bai bazu sosai ba tukuna, ana iya cewa kuskure ne. Amma cikakken shiri, da waƙa da tafi, ranar kasuwa, a kowace rumfa da kowace motar haya, wannan ba shi da magani. Na tsaya ina kallon ƙofar cikin gida, na san tana can kan tabarma ba ta ma san abin da ake shirin yi da sunanta ba, sai tausayi ya kama ni.

Na fara kiran Daraktanmu. Mutumin kirki ne, amma ya sha wahala kafin ya samo amincewar yin bajen kolin, kuma shirin nan ne babbar hanyar da jama'a za su ji.

"Ai addini bai hana a ji muryarta ba, Lawali," in ji shi.

"Ranka shi daɗe, bai hana ba. Bakin mutane nika tsoro."

Ya ce shirin ba namu ba ne, na gidan rediyo ne, ba mu da ikon hana su. In sun yarda, shi bai ce a'a ba.

Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata ku riƙe shi. Da zarar ɗan jarida ya ɗauki hira da izinin mai ita, hirar ta zama tasa. Roƙo kawai ya rage mana. Na kira Saratu ina ta shirya kalmomin lallashi a raina, don na tabbata za ta ce mini lokaci ya ƙure. Ina gama cewa Alhaji ya rasu ta yi salati. Ban kai ga roƙon ba ta katse ni.

"Malam, bari in sa a tsai da tallar tukuna. Gobe da sahe ka zo ohis."

Da safe na isa gidan rediyon, muka shiga wurin shugaban sashen shirye-shirye. Ya saurare mu da kyau, ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya kawo mafita irin ta masu ofis: a yi sanarwa a farkon shiri cewa an ɗauki hirar kafin rasuwa, a kuma haɗa da ta'aziyya. Ni kaina na fara jin kamar hakan zai yi. Saratu ce ta girgiza kai.

"Yallaɓai, wa ka jin farkon shiri ran kasuwa? Mutum na murɗo rediyo sai shi ishe ta tsakiyar waƙa. Innata ta yi takaba a Tozai. Sau guda anka jiyo dariyatta ta bayan darnin kara, don wani jikanta ya hwaɗi cikin kwatarnin ruwa. Har ta bar duniya ana hwaɗin dariyar nan."

Shugaban ya ɓata rai. Ya ce an riga an yi wa masu sauraro alkawari, kuma shi ba zai bar fili babu komai ba. Ya tuna mata cewa akwai waɗanda suka girme ta a aiki suna jiran wannan filin, in ta kawo masa shirin da ba shi da armashi, ta san sauran. Ta ce ta ji, ta ɗauka. Ta ɗauki jakarta ta ce mini, "Mu tai Illela."

A ranar ta haɗa wani shirin daga farko. Ta tsinto tsofaffin fatake biyu a bakin tasha, ɗaya ba ya ji sosai, ɗayan kuwa duk tambayar da aka yi masa sai ya koma kan tsadar dusa. Ragowar lokacin ni na cike shi da bayanin taiki da mangala, kuma kun san muryata, ko ni ba zan so in saurare ta ranar kasuwa ba. Shirin ya fita, bai yi daɗi ba. Mutanen da suka zo buɗewa ba su kai yadda muka sa rai ba, Darakta ya yini yana kallon kujerun da babu kowa yana kallona. Mako na zagayowa aka karɓe filin Lahadi daga hannun Saratu aka ba wani, aka mai da ita ɗauko rahoton farashin hatsi. Da na kira ta ina ba ta haƙuri, dariya ta yi ta ce yanzu ta fi kowa sanin kuɗin tiyar gero.

A Illela kuwa maganar ta mutu. Waɗanda suka ji tallar suka ɗauka wata Kulun ce, ko kuma suka manta. Hajiya ta yi takabarta lafiya, babu wanda ya nuna ta da baki.

Bayan ta fita takaba, damina ta riga ta sauka, Saratu ta kira ni ta ce in raka ta gidan. Ta ce ba za ta sa hirar ba, ba kuma za ta share ta ba, sai mai ita ta ji ta yanke hukunci. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ni da Malam Sidi gefe guda, Hajiya Kulu da Saratu a bakin ɗaki. Hajiya ta rame, amma idonta na nan da kaifinsa. Saratu ta ce ba shirin da ta gyara za ta sa ba, ainihin abin da na'ura ta ɗauka ne, ba a yanke komai ba.

Muryar Hajiya ta fito tana ba da labarin yadda take daka gumba ta cika masa jaka in za su tafi Agadas. Sai kawai muka ji wata murya daga nesa, ta namiji, tana tari tana ɗagawa:

"Hwaɗa musu gaskiya, Kulu! Gumbar nan tun ba mu wuce Ƙonni ba nika cinye ta, don in samu dalilin komowa gida."

Alhaji Buhari ne. Ashe ranar hirar ya lallaɓo ya zauna ƙarƙashin rumfa yana sauraro. Saratu ta cire wurin a shirin farko don muryar ta yi nisa da na'ura. Malam Sidi ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Hajiya Kulu ba ta yi kuka nan da nan ba, hannu ta ɗora kan na'urar kamar mai taɓa goshin mara lafiya.

"Maƙaryaci," in ji ta a hankali. "Har Tawa takan kai shi." Sannan hawaye suka zubo. Ta riƙo hannun Saratu. "Ɗiyata, Sidi ya gaya min abin da kinka yi, da abin da anka yi miki. Kin ruhe ni sadda ban iya ruhe kaina. Allah shi ruhe ki duniya da lahira."

Malam Sidi ne ya fara cewa a sa shirin, kada a yanke ko tarin. Saratu ta roƙi wanda aka ba filinta ya ara mata Lahadi ɗaya, ya kuwa ara mata. Filin bai dawo hannunta ba sai bayan lokaci mai tsawo, kuma ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba.

Mu ma'aikatan gidan tarihi an horar da mu kan kula da kaya: kada rana ta taɓa fata, kada gara ta ci itace. Babu wanda ya koya mana cewa muryar da muka ba ɗan jarida tana da mai ita, kuma tsakanin ranar ɗauka da ranar sakawa rayuwarsa na iya juyawa. Tun daga lokacin, kafin a saki kowace hira, sai na kira gidan na tambayi lafiyar kowa tukuna. Na kuma daina yi wa 'yan jarida kuɗin goro. Har yanzu suna zuwa a makare, har yanzu suna tambayar abinci, amma a cikinsu na ga wadda ta ajiye shirin da ya fi kowane kyau a hannunta saboda wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da ita ba. Ni roƙo kawai na je yi, ita ta ɗauki nauyin, kuma ina gode mata har yau.

Ranar da za mu bar gidan, mun kai bakin zaure Hajiya Kulu ta aiko a kira Saratu. Na ɗauka wani abu ta manta. Ashe cewa ta yi a mayar mata da wurin nan, ta ƙara jin shi yana mata ƙarya.