Ranar da Muka Sayar da Golanmu

Har yau in na ga 'ya'yana sun kunna ƙwallon kwalejoji a waya, tashi nake yi in bar musu ɗakin. Su a ganinsu tsufa ne ya fara taɓa ni. Haushi nake ji, kuma rabin haushin nan da kaina nake yinsa.

Gasarmu ta unguwanni ce a nan Makka, ƙungiya shida, duk Juma'a bayan la'asar, a wani filin ƙasa da ke gefen hanyar Muzdalifa. Lokacin Hajji motocin alhazai su cika shi, in sun watse su bar mana shi da baƙin mai a tsakiya, mu zuba yashi mu ci gaba. Ni ne kocin unguwarmu, Tandabawi. Ba wanda ya naɗa ni. Gwiwata ce ta lalace, na koma bakin layi ina ta ihu, mutane suka gaji suka fara ce mini koci.

Dokar shiga gasar guda ɗaya ce, tun zamanin iyayenmu. Dattawa biyu na unguwa su tsaya gaban alƙalin wasa su ce sun san uban ɗan wasa, shi ke nan ya shiga. Ba a tambayar takarda. Iyayenmu sun san abin da suke yi, don a cikinmu akwai masu hawiyya, katin ɗan ƙasa, irina, akwai kuma waɗanda aka haifa a lungu ɗaya da mu amma ba su da ko iƙama, takardar zaman baƙo. A filin nan ba mai tona wa wani asiri.

Golanmu yana cikin marasa takarda. Gida uku ne tsakanin gidansu da namu. Iyayensa sun zo Hajji daga wajen Kano suka zauna, aka haife shi a nan, bai taɓa ganin Kano ba, nan ɗin ma ba a rubuta shi ko'ina ba. Ya kusa talatin a lokacin, yana da mata da 'ya ɗaya. Aikinsa tura tsofaffi a keken guragu zuwa Harami, kullum idonsa na waige-waige. Ranar Juma'a kaɗai yake tsayawa a fili, ƙirji a buɗe, yana yi wa 'yan baya tsawa kamar shi ya haife su. Kuma ya san ƙafar kowane ɗan gaba a gasar, don ko ba mu da wasa sai ya je ya tsuguna bayan raga yana kallo.

Sai wani kamfani mai nuna wasanni a waya ya zo. Suna da gasar kwalejojin Jidda da Ɗa'if, filaye masu kyau, amma ba masu kallo, 'yan kwalejin ma ba sa kallon junansu. Suka lura mu muna tara jama'a a kan ƙasa da baƙin mai. Suka ce suna son ƙungiyoyin unguwa biyu daga Makka, za a ba su jesi da mota da fili mai ciyawar roba, da kaso daga kuɗin talla.

Ƙungiyar unguwar Rusaifa ce ta fara tafiya. Rusaifa, da iyayenmu suka buga da iyayensu, da muke zagin juna a fili mu sha shayi tare bayan an tashi. Ko sallama ba su yi mana ba. Wata Juma'a muka zuba farin layi muka zauna jiransu har rana ta yi ja, sai wani ya miƙo mini waya na gan su a Jidda cikin sabuwar jesi suna ɗaga wa kyamara hannu. Wallahi da a ce wayar tawa ce da na rotsa ta da ƙasa. Daga nan gasa ta fara zubewa. Masu kallo suka bi Rusaifa, ƙungiya biyu suka daina zuwa, muka rage muna buga wa kanmu.

Aka kira taro a shagona na kayan gyaran mota. Shugaban ƙungiya, sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo, ya ajiye takardar kamfanin a kan tebur. Gaban kowane suna akwai gurbin lambar hawiyya ko iƙama. Sauran marasa takarda sun riga sun janye da kansu tun da suka ji maganar kyamara, saura gola.

Na ce, "To shi fa?"

Ya ce, "Ya shehu, mutum wahid ne, ɗaya tak. Za mu kashe fariƙ, ƙungiya gaba ɗaya, saboda mutum wahid? Samarin nan suna son a gan su."

Na ce, "Ubanka ne ya tsaya masa shaida ranar da ya fara. Ka manta?"

Ya ce, "Allah ya jiƙan Baba, zamaninsa ba kyamara. Halas, magana ta ƙare, ka sa hannu ko mu nemi wani koci."

Na yi masifa har maƙwabtan shago suka leƙo. Na kira su mayaudara, na kira su 'yan abi-yarima-a-sha-kiɗa. Suka bar ni na gama, don sun san ni. Da na gama na dubi samarin, kowa ya sunkuyar da kai ba wanda ya tsaya wa golan da ya yi shekara goma yana rufa musu asiri. Ni ma ina son a gan ni a bakin layi da jesi mai suna, gaskiya ke nan. Na ɗauki biro na sa hannu.

Washegari na sami golan a bakin titi yana gyara tayar kekensa. Ina ta kewaye-kewaye, ya katse ni.

"Kawu, ma'alesh, ba komai. Tun da suka ce tasawir, za a ɗauki hoto, na san ba ni ciki. Ko sun yarda ma, ni zan kai fuskata gaban kyamara?"

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya goge hannu a riga ya tambaye ni wa za a saka a ragar. Na ce wani ɗan kwaleji da kamfanin ya haɗa mu da shi, dogo, mai safar hannu masu tsada.

Ya ce, "In kun haɗu da Rusaifa aka ba su fanareti, ka gaya masa kyaftin ɗinsu yana kallon dama ne amma hagu yake bugawa. Kullum. Kada ya bi idonsa."

Wata biyu bayan haka muka haɗu da su a Jidda. Fili kore, kujeru rabi ba kowa, don mutanenmu da yawa ba sa iya wuce shingen bincike na hanya. Saura kaɗan a tashi aka ba Rusaifa fanareti. Na ƙwala wa ɗan kwalejin kira, na nuna masa hagu. Kyaftin ya kalli dama, ya buga hagu, ƙwallo ta faɗa hannun dogon nan kamar an miƙa masa. Daga baya na ji abin da mai sharhi ya ce, wai wannan matashi yana karanta zuciyar ɗan wasa, wai ilimin kwaleji ne ya nuna kansa. Ilimin kwaleji! Shugabanmu ya rungume ni yana tsalle, na ture shi.

Muna cikin mota za mu dawo Makka wayata ta yi ƙara. Golanmu ne. Na ce ai ya gani da idonsa. Ya ce a'a, tashar ba ta buɗewa sai da lambar hawiyya da katin banki, ya gwada ta ƙi. Wani ne ya gaya masa an tare fanareti.

"Kawu, hagu ya buga?"

Na ce, "Hagu."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Na gaya maka." Sai na ji ana kiransa daga nesa, ya ce in yi haƙuri, ya samu tsohuwar da zai tura, ya kashe wayar.