Ramlat Mai Manna Tambarin Jirage

A Rafin Kanya, wani ƙauye da ke tsakanin Bici da Shanono, in ka tambayi gidan Ramlat mai lalle za a nuna maka. In ka tambayi gidan Ramlat mai jirage, nan ɗin dai za a nuna maka, sai dai mai nunin zai ƙara da cewa, "In ka ga an sake labulen ɗakin kudu, kada ka ɗaga, ana shafa mai."

Ramlat 'yar Tofa ce. A wurin kakarta ta koyi ƙunshi, tun ana yin na zura hannu a zunguru. Da zamani ya kawo lallen salatif, ita ce ta fara ƙwarewa a unguwarsu. Takan shimfiɗa salatif a bayan tire, ta bi shi da reza ta fitar da ganye da fure, ta ɗaga a hankali ta manna a ƙafar amarya ba tare da ya naɗe ba. Da aka kawo ta Rafin Kanya gidan Malam Tahir, da rezarta ta zo, kuma ba a daɗe ba matan ƙauyukan kewaye suka san hanyar gidan.

Malam Tahir manomi ne, mai gero da dawa da gyaɗa kamar kowa. Abu guda ne ya raba shi da maƙwabtansa. Yana saurayi ya yi aikin lebura a filin da wani ƙaramin jirgi ke sauka, irin mai feshin tsuntsayen jan-baki. Da aikin ya ƙare, matuƙin ya bar masa wani kwali mai hoton jirgi a kai. A ciki ya tarar da gutsattsarin roba, da takardar da ke nuna yadda ake haɗa su, da wata 'yar takarda mai ɗauke da tambura da lambobi. Tun daga ranar abin ya shiga ransa. Duk shekara in an gama girbi sai ya shiga Kano ya bi 'yan gwanjo yana neman irin kwalayen. Da ɗansu Zubair ya girma ya sami aiki a Kaduna, shi ya koma sayo masa ta waya. Malam ya haɗa da gam, ya goge, ya yi fenti, ya manna tambura, ya bi da man sheƙi wanda kafintoci ke ce wa banish, sannan ya rataye jirgin da zare a jikin azara.

Shekara da shekaru Ramlat ba ta taɓa ko ɗaya ba. A wurinta wasan yara ne ya kama babban mutum. Amma ba ta yi ƙorafi ba, don ta ga mazan wasu suna wuni a gindin dara, nata kuwa yana ɗakin kudu, in ta kira zai amsa.

Sannan hannunsa ya fara rawa. Da farko sai in ya ɗauki kofin shayi ake gani. Aka je asibiti aka karɓo magani, ya rage amma bai daina ba. Fartanya ba ta gagare shi ba, haɗa manyan gaɓoɓin jirgi ma yana yi in ya dafa gwiwar hannunsa a tebur. Ƙananan abubuwa ne suka fara kuɓuce masa.

Wata rana da hantsi, bayan an shigar da amfanin gona, ta kai masa fura ta same shi zaune ya zuba wa wani faranti ido. Ruwa ne a ciki, gutsattsarin kore da fari suna yawo a kai. Tambarin fiffike ne, ya yage masa a hannu.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Na gama da wannan harka. In Zubair ya zo ya kwashe sauran kwalayen ya ba wanda zai iya."

Ta ajiye ƙwaryar, ta ɗauki takardar tamburan ta kai ta bakin taga. Akwai saura ɗaya irin wanda ya yage.

"Yaya ake ɗaga shi daga jikin takardar?"

"Ba ɗagawa ake yi ba, zamewa yake. Ramlatu, bar shi, wannan ba lalle ba ne."

"Na sani. Lalle a ƙafar da ke motsi nake yin sa, mai ƙafar tana dariya, ƙawayenta suna ture ni. Wannan kuwa a kwance yake, ba ya ko numfashi. Faɗa mini kawai."

Ya fara bayani yana kallon gefe. A yanke tambarin shi kaɗai. A tsoma shi a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, a fitar a ajiye ya jiƙa don kansa. In an taɓa shi da yatsa ya motsa, to ya yi. A jiƙa wurin da zai zauna, a kawo takardar daf da wurin, a zame shi ya sauka. Ta ɗauko matsefatar da take cire wa yara ƙaya, ta tsinko gashin zabuwa a tsakar gida ta wanke. Da matsefata ta riƙe takardar, da gashin ta tura tambarin har ya hau fiffike. Ta karkata kai ta dube shi, ta ɗan matsar da shi, sannan ta naɗe auduga a tsinke ta bi shi daga tsakiya zuwa baki tana korar ruwa da iskar da ke ƙasa.

Malam Tahir ya ɗauki jirgin ya juya shi a haske. Ya daɗe yana neman abin da zai gyara.

"Akwai na wutsiya," in ji shi. "Su kuma ƙanana ne ƙwarai."

Ta ce, "Miƙo."

Haka aikin ya rabu biyu. Shi ne mai haɗi da manyan fenti, ita ce mai tambura. Man sheƙi kuwa ya riƙe a hannunsa, ya ce wannan sai wanda ya daɗe. Ya koya mata cewa sai an fara shafa mai siriri jikin jirgin ya yi santsi kafin a manna komai, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasa, gefen tambarin ya yi fari-fari kamar ƙyasbi. In an gama kuma a sake bi da wani man, ya rufe tamburan su zama kamar da fentin aka zana su. Tana kallonsa yana yi, tana ganin yadda buroshin ke tsalle a hannunsa yana barin layi.

Damina ta faɗi, ya koma gona. Akwai wani jirgi mai farfela, ruwan toka, wanda ya fi ƙaunarsa a duk na wannan shekarar. Ta gama manna masa komai, saura rufi. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, yana fita ta ɗauki buroshi. Hannunta bai yi kuskure ba, man ya kwanta sumul ba layi ko ɗaya. Ta kife masa daro ta tafi girki tana jin daɗi.

Da azahar ta ɗaga daron. Jirgin ya yi hazo fat, kamar an watsa masa ruwan koko. Lambobin da ta sha wahalar jerawa da ƙyar ake karanta su.

Ba ta ɓoye ba. Yana shigowa, tun bai ajiye fartanya ba, ta tare shi da jirgin a hannu.

"Malam, na shafa mai ban tambaye ka ba. Ga yadda ya yi."

Ya karɓa ya duba. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Ni ma ya taɓa yi mini haka, ban san dalili ba, na jefar." Ya miƙa mata ya wuce bayi.

"Wannan ba za a jefar ba," ta faɗa a bayansa. "Ka bar mini shi."

Ta nemo fasasshen bokitin roba ta yayyanka. Kullum in ta sami sarari sai ta shafa wa guntu ɗaya mai ta ajiye. Wani ya bushe garau, wani ya yi hazo. Ta rasa gane kan abin, har ranar da ta je ɗebo gishirin miya ta ji ya jiƙe ya dunƙule a gwangwani, ta tuna guntun da ta shafa da safen ya yi fari. Daga nan ta fara lura. Duk ranar da gishiri ya yi danshi, man ya yi hazo. Duk ranar da yake zuba warwar, man ya fito kamar ruwan rijiya. Ta jira sai da aka ɗauke ruwa na 'yan kwanaki rana ta buɗe sosai, ta gwada shafa siririn mai a kan guntun da ya riga ya yi hazo. Tana kallo farin ya narke.

Ran nan ta maimaita a jikin jirgin. Ya washe, lambobin suka dawo, in ban da wani ɗan tabo a ƙarƙashin fiffiken hagu da ya ƙi fita. Ta kai masa ta nuna masa tabon da kanta.

Ya ce, "Wa zai leƙa nan?"

"Rataye shi za ka yi, Malam. Duk wanda ya shigo nan zai fara gani."

Ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba. Ya tashi ya ɗauko kwalbar man da buroshi biyu masu laushi ya ajiye a gabanta.

Daga nan gidan ya sami sababbin dokoki. Ranar shafa mai ba a shara, ba a shiƙa, ba a daka kusa da ɗakin kudu, don ƙaiƙayi ɗaya in ya sauka a ɗanyen mai ya zauna ke nan. Maƙwabciyarsu ta taɓa leƙowa ta katanga ta ce, "Yanzu Ramlat, don jirgin da ba ya tashi za ki hana ni shiƙar gero?" Ramlat ta ce, "Ki bari zuwa la'asar, ni zan zo in taya ki." Ta kuwa je.

Tsofaffin kwalayen 'yan gwanjo suna zuwa da tambura da suka yi rawaya don daɗewa, wasu suna taɓa ruwa su warwatse. Masu rawayar takan sa su a leda ta liƙa a taga inda rana ke bugu har su yi haske. Masu warwatsewar takan shafa musu mai siriri tun suna jikin takarda, ya bushe ya riƙe su, sannan ta yanke ta jiƙa. Kwalayen da Malam ya fid da rai da su tun tuni, ɗaya bayan ɗaya suka hau azara.

Lokacin biki da lokacin shafa mai duk bayan girbi suke zuwa. Wata amarya ta yatsina fuska ta ce hannun Inna Ramlat yana warin fenti. Ramlat ta sunsuna yatsunta ta ce gaskiya ne. A satin ta kira Juwairiyya, matar ƙaramin ɗanta, wadda dama ta daɗe tana taya ta yankan salatif, ta ce daga yau amare nata ne. Ita sai in 'yar dangi ce ta kusa take zama da kanta.

Abu ɗaya ne har yau ba su daidaita a kai ba. Malam ya ce jirgin soja ba ya ƙyalli, man da ba ya sheƙi ake rufe shi da shi. Ita kuwa ta ce ba ta ga amfanin wahalar da za a gama abu ya fito kamar an kwana da shi a rumbu ba. Nasa na soja tana yi masa yadda yake so, tana yi tana mita. Amma ta sa Zubair ya sayo mata nata kwalin, babban jirgin fasinja fari mai dogon layin tagogi. Layin a tambari ɗaya ya zo, siriri kamar zaren lilo. Ta yanka shi gida-gida ta jera, ba mai iya nuna inda suka haɗu. Ta ba shi mai har mutum yana ganin fuskarsa a jiki.

Zubair ne ya ɗauki hoton jirgin ya sa a wani zaure na waya inda masu irin wannan sha'awa ke haɗuwa, daga Kaduna da Jos da Legas, ya kuma shigar da lambar mahaifinsa. Tambayoyi suka fara zuwa. Wani mai suna Abdulkabir ya turo murya yana cewa, "Baba Tahir, don Allah tambarina ya ƙi kwanciya a kan lanƙwasar hancin jirgi, sai tattarewa yake. Yaya kake yi?"

Malam Tahir yana kan tabarma a inuwar darbejiya, Ramlat tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ya saurara har ƙarshe, ya danna ya ce, "Ɗana, ni haɗi nake yi. Ga mai aikin nan." Ya miƙa mata wayar.

Ta karkaɗe zaninta, ta gyara zama, ta kawo wayar kusa da baki.

"Salamu alaikum, Abdulkabir, Inna Ramlat ce. Kana da sabuwar reza? To, tun yana jiƙe ka ɗan tsaga bakinsa wuri-wuri, kada ka shiga cikin zanen. Ka jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ka danna, ka riƙe, kada ka goga. In ka ga ya yi 'yar tattara ka ƙyale shi, yana bushewa zai miƙe. Gobe ka turo mini hoto in gani, kuma ka ɗauka a waje, hoton cikin ɗaki ba ya nuna mini komai."

Ta miƙa wa Malam wayarsa, ta jawo tiren gyaɗarta.